Fam 100 saboda na je shagon mahauci sau biyu a rana ɗaya

Shekara tara ke nan ina sayen nama a shago ɗaya a arewacin Manchester, kuma duk tsawon lokacin nan a filin da ke bayan jerin shagunan nake ajiye mota. 'Yan'uwa da yawa, musamman sababbin zuwa da suka fara tuƙi, sun sha tambayata ko wurin yana da kyau. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani a kansa, har da abin da ya same ni a azumin 2025. Ba zan kama sunan kamfanin da ke kula da filin ba. Duk inda mutum yake zaune a Ingila akwai irinsa kusa da shi, kuma aikinsu kusan iri ɗaya ne.

Bari in fara da alherin wurin, don yana da shi. Filin yana ɗaukar mota kamar 60. An shimfiɗa kwalta, an ja layuka da farin fenti, akwai fitilu da dare, akwai gurbi huɗu na masu buƙata ta musamman daf da ƙofar shaguna. Minti 90 na farko kyauta ne, kuma sun ishe ka ka sayi nama, ka leƙa kantin kayan miya, ka ɗauki doya da manja a shagon 'yan Afirka da ke ƙarshen layi. Na san wurin tun kafin a kawo kamfanin. A lokacin, masu aiki a tsakiyar gari ne suke cika shi tun bakwai na safe, su kulle mota su hau bas, ba su dawowa sai magariba. Ranar Asabar sai in zagaya sau uku, yaro yana kuka a kujerar baya, ƙarshenta in haƙura in tafi gida ba nama. Mahaucin da kansa ya gaya min cewa ya rasa masu saye da yawa a shekarun can. Yanzu kuwa ban taɓa zuwa na rasa gurbi ba, ko da jajibirin salla ne. Don haka ni ba na cikin masu cewa sa ido a kan fakin zalunci ne daga tushe. Fili na mai shi ne, kuma idan babu doka masu son kai ne za su cinye shi.

Matsalar tana wurin yadda ake sa idon.

Babu mai gadi a filin, babu shinge, babu tikiti. Kyamara biyu ne a kan dogon ƙarfe a bakin hanyar shiga, suna ɗaukar hoton lambar mota idan ta shigo da kuma idan ta fita, kwamfuta ta lissafa tsakani. Akwai alluna bakwai, na ƙirga su. An rubuta "minti 90 kyauta" da manyan haruffa da za ka hango daga titi. Sharuɗɗan kuwa suna ƙasa da ƙananan haruffa, a kan allon da aka kafa sama da tsayin mutum, sai da na ɗauki hotonsa da waya na buɗa shi sannan na iya karantawa. A watan Disamba, da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya shiga a garin nan, biyu daga cikin allunan kuma fitila ba ta haska su. Amma a idon doka, da ka shiga ka kashe mota, ka amince da duk abin da ke rubuce a wurin. Kun ƙulla yarjejeniya ke nan da mutanen da ba ka taɓa gani ba.

Ranar Asabar 15 ga Maris, azumi ya kai tsakiya, muna da baƙi da za su sha ruwa a gidanmu. Na biya shagon da safe a kan hanyata ta zuwa aiki, na ce wa mahaucin ya yanka min cinyar rago da kaji huɗu ya ajiye, don ba zan bar nama a mota tsawon yini ba. Ban yi minti goma ba na fita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan kula da tsofaffi, ranar ina da aiki daga goma na safe zuwa huɗu na yamma. Da na tashi na koma shagon wajen biyar da minti ashirin, na biya kuɗi, na ɗauki ledojina, na yi sauri gida don a lokacin ana shan ruwa shida da 'yan mintuna.

Bayan kwana 11 farin ambulan ya iso da sunana. A ciki akwai hoto biyu na motata. Na farko ta gaba, ƙarfe 9:12 na safe, tana shiga. Na biyu ta baya, ƙarfe 5:41 na yamma, tana fita. A ƙasa an rubuta cewa motar ta zauna awa 8 da minti 29 a filin da aka yarda da minti 90, saboda haka ana bina fam 100, amma idan na biya cikin kwana 14 za a karɓi fam 60. Kyamarar ta ga shigata ta safe da fitata ta yamma, ba ta ga fitar safe da shigar yamma ba, ko kuma ta gani an tsallake. Daga baya na fahimci wannan kuskure sananne ne a harkar, yana faruwa idan wata babbar mota ta tare lamba, ko mota biyu suka fita a manne da juna. Ƙa'idar da kamfanonin suka rubuta wa kansu ma ta ce dole ɗan'adam ya duba hotunan kafin a aika takarda. In da wani ya duba da gaske, ya nemi lambar motata a cikin hotunan yinin, da wuya a ce bai ga alamar ta zo sau biyu ba.

Ina tsaye a kicin da takardar a hannu, gabana yana faɗuwa kamar na yi laifi, alhali na san inda motata ta yini. Takardar ce aka tsara ta don ta sa ka ji haka. Akwai jan layi a sama, akwai lambar shari'a mai tsawo, akwai haruffa uku manya, PCN, waɗanda su ne dai haruffan da ke kan takardar tarar ƙaramar hukuma. A ta hukuma harafin farko yana nufin hukunci, a ta kamfani yana nufin ajiye mota, amma wa zai tsaya bambance wannan yana cikin firgici? Na kuma lura cewa hanyoyin biya sun cinye rabin shafin gaba, da lambar waya da adireshin intanet da komai, hanyar ƙorafi kuwa tana baya a sakin layi ɗaya.

Da maigidan ya dawo na miƙa masa. Ya karanta, ya juya bayanta, ya ajiye a kan teburi.

"Maman Khalil, ki biya sittin ɗin nan ki huta. Mutanen nan ba a ja da su."

Na ce, "Abban Khalil, da na yi laifin wallahi da yanzu na biya. Motar nan tana wurin aikina tun goma saura. In biya kuɗin me?"

"Ba na ce kin yi laifi ba. Lokacinki nake ji. Azumi ake, ga aiki, ga yara. Kuma in kika faɗi ɗari za ki biya."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne na fara gane inda ribar take. Fam 60 kuɗi ne mai ciwo, cefanen kwana uku ko huɗu ne a gidanmu, amma bai kai wanda mai aiki zai ɓata dare uku yana tattara hujja a kansa ba. Rangwamen da ake kira sauƙi shi ne sandar da ake kora ka da ita: ka biya yanzu ka yi shiru, ko ka ja ka ɗauki kasadar biyan cikakke. Mai gaskiya da mara gaskiya duk lissafi ɗaya suke yi, kuma sau da yawa amsar da ke fitowa ita ce a biya.

Washegari na fara zuwa wurin mahaucin, don an ce wani lokaci mai shago yana iya sa a soke. Ya karɓi takardar da hannunsa mai safar roba, ya girgiza kai, ya jawo wata aljihun teburi ya nuna min irinta guda uku da wasu masu saye suka kawo masa. Ya ce, "'Yar'uwa, ni ɗan haya ne. Mai ginin ne ya kawo su, shi kuma ko ganinsa ba na yi, wakilinsa kawai nake aika wa imel. Ni kaina sun taɓa aiko min." Ya buga min rasit na ranar mai ɗauke da ƙarfe 5:34, ya kuma rubuta da hannu cewa na zo da safe na bar saƙo na tafi. Allah ya saka masa da alheri, iyakar abin da zai iya ke nan. A manyan kantuna manaja yakan iya sokewa, don haka ko yaushe a fara gwada wannan ƙofar. A ƙananan shaguna irin namu babu mai wannan iko.

Wannan ya tuna min da masu tsare mota a bakin kasuwar Kwari a Kano. Suna da nasu halin, wani lokaci su ƙara kuɗi ba dalili, amma mutum ne a gabanka. Ya ga shigarka, ya ga fitarka, in ka dawo zai ce "Hajiya an dawo?" A nan babu wanda za ka kalla ido da ido ka ce masa duba, kuskure ne.

A daren na cike fam ɗin ƙorafi a shafin kamfanin. Na haɗa rasit, da takardar mahauci, da tarihin tafiyata na Google Maps wanda ya nuna inda na bi daƙiƙa bayan daƙiƙa, da jadawalin shiga da fita na wurin aikina. Manajarmu ta ƙara da wasiƙa cewa motata tana filin ma'aikata tsawon lokacin aikin. Shafin bai karɓar fayil mai nauyi, sai da ɗana ya rage min girman hotunan. Babu lambar wayar da za ka kira ka yi magana da mutum. Lambar da ke jiki ta biyan kuɗi ce, na'ura ce ke amsawa.

Mako uku cif sannan amsa ta zo. An ƙi. Na karanta wasiƙar sau biyu ina neman inda aka ambaci rasit ko wasiƙar manaja ko ma kalmar zuwa biyu, babu. An ce alluna suna nan a bayyane, an ce alhakin direba ne ya kiyaye sharuɗɗa, an ce an duba hujjojina "da kyau". Amsa ce da aka rubuta tun kafin in yi ƙorafin, sunana kawai aka ɗora. Wannan wasiƙar ta fi takardar farko ɓata min rai. Na'ura tana kuskure, wannan na yarda. Amma a nan an miƙa wa mutum hujja biyar a hannu, ya ga dama bai buɗe ba.

Abu ɗaya mai amfani a cikinta shi ne lamba mai alƙaluma goma ta zuwa POPLA, hukumar ɗaukaka ƙara ta kamfanonin da ke ƙarƙashin BPA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi biyu na kamfanonin fakin. Kamfanonin da ke ɗaya ƙungiyar, IPC, nasu wurin daban ne, ana kiransa IAS. Kana da kwana 28 ka shigar, kuma kyauta ne, sai dai da ka shiga can rangwamen ya tafi. An sake ba ni kwana 14 in biya 60. Na kwana ina juya abin, da asuba bayan na idar da salla na ce bismillah na shigar.

Shafin POPLA ya fi na kamfanin sauƙi nesa ba kusa ba. Ka zaɓi dalilinka, ka rubuta bayani, ka ɗora hujja, su kuma su nemi kamfanin ya kawo tasa. Na rubuta abu ɗaya a fili: ina neman kamfanin ya fito da duk hotunan lambar motata na wannan rana, da shaidar cewa mutum ya duba su kafin a aiko min da takarda. A cikin watan Mayu imel ya shigo cewa kamfanin ya ce ba zai ci gaba da jayayya ba, an soke cajin. Shi ke nan. Daga kamfanin kansa ban samu ko layi ɗaya ba, balle ban haƙuri. Hujjar da suka ce ba ta isa ba a watan Afrilu ita ce dai suka guje wa a watan Mayu, ba a ƙara mata komai ba. Abin da ya canja kawai shi ne wani na waje zai gani.

Kusan wata biyu abin ya ɗauka, da dare huɗu na zama a gaban kwamfuta bayan yara sun kwanta. Ni ina da Turanci, ina da manaja mai kirki, ina da ɗa da ya iya waya, kuma zamana a ƙasar nan ya daɗe da daidaita. Wanda ba shi da waɗannan fa?

Akwai wata yarinya da muke aiki tare, 'yar Kaduna, ta zo da bizar masu kula da tsofaffi. Wata rana a ɗakin hutu ta jawo ni gefe, idonta ya yi ja. "Anti, don Allah duba min wannan. Sun ce za su kai ni kotu. Kar ya shafi takarduna." Wasiƙar masu karɓar bashi ce, fam 170: ainihin 100 da ƙarin 70 da suke kira kuɗin bin bashi. Ta sauya gida, ta canja adireshi a lasisin tuƙinta, ba ta san cewa takardar mallakar mota, wadda ake kira V5C, ita ma sai an canja mata daban ba. Takardun farko duk tsohon gidan suka tafi, lokacin rangwame da na ƙorafi suka wuce ba ta sani ba. Laifin da ake zarginta da shi minti 19 ne da ta ƙara a wani fili daban. Na ce ta bari mu rubuta musu, mu nuna ba ta samu takardun ba. Ta ce, "Anti, ni dai tsoro nake ji." Kafin mu sake haɗuwa ta ranci kuɗi ta biya. Ban ga laifinta ba. Wanda zamansa ke rataye da takarda ɗaya, kalmar kotu kaɗai ta isa ta hana shi barci.

Don irinta nake son a fahimci abin nan da kyau. Takardar kamfani mai zaman kansa ba tarar hukuma ba ce, ba kuma laifi ba ne da 'yan sanda ke shiga. Iƙirari ne cewa ka saɓa yarjejeniya. Masu karɓar bashin da ke aiko da wasiƙu masu jan rubutu ba su da ikon shiga gidanka ko ɗaukar kayanka. Amma kada kowa ya bi tsohuwar shawarar nan ta "jefa a shara", wadda har yanzu wasu dattawanmu da suka daɗe a nan suke bayarwa. Zamaninta ya wuce. Kamfanin yana iya shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka, yana da har shekara 6 ya yi hakan, kuma idan takardar kotu ta zo ba ka amsa ba za a yanke hukunci a bayan idonka. Idan ba ka biya cikin wata ɗaya ba, hukuncin zai zauna a tarihin bashinka shekara 6, ya tare maka hanyar hayar gida ko rancen sayensa ko ma kwantiragin waya.

Yadda aka zo nan yana da tarihi. Da can kamfanonin ƙarfe suke ɗaura wa tayar mota, sai ka biya su kwance. Dokar kare 'yanci ta 2012 ta haramta wannan a filaye masu zaman kansu a Ingila da Wales daga watan Oktoba na shekarar, amma ta ba su wani abu a madadinsa: idan ba a san direba ba, suna iya bin wanda motar ke da rajista da sunansa, muddin sun cika wasu sharuɗɗa. Ɗaya daga ciki shi ne, in da kyamara aka kama ka, takardar ta iso cikin kwana 14. A duba wannan kwanan wata da kyau, don kamfanoni suna makara. Tawa ta zo a rana ta 11. Sunanka da adireshinka kuwa daga hukumar rajistar motoci ta DVLA suke saye, fam 2.50 kowane ɗaya. Gidauniyar RAC, wadda ke bin waɗannan alƙaluma, ta ce a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 an nemi irin wannan bayani sau miliyan 12.8, wato kusan 35,000 kowace rana. Ni dai ban yarda cewa kullum garin Allah ya waye akwai mutum dubu talatin da biyar da suka tashi da niyyar cutar mai fili ba.

Sai shari'ar da kowace wasiƙar ƙin amincewa ke ambata, har da tawa. Wani mai shagon soya kifi da dankali, Barry Beavis, ya wuce awa biyu na kyauta da kusan awa ɗaya a wani filin kantuna a Chelmsford, kamfanin ParkingEye ya caje shi fam 85, ya ƙi biya har Kotun Ƙoli. A watan Nuwamba na 2015 kotun ta ba kamfanin gaskiya, ta ce kuɗin bai wuce kima ba ko da kamfanin bai yi asarar komai ba, tunda akwai halastacciyar manufa ta hana mutane mamaye fili, kuma allunan wurin manya ne a bayyane. Abin da ya tsaya min a rai a shari'ar shi ne tsarin da ta bayyana: kamfanin ne yake biyan mai filin kuɗi don a bar shi ya yi aiki, shi kuma abin da yake samu daga cajin waɗanda suka saɓa ne. Ma'ana, ranar da kowa ya bi doka, ranar kamfanin bai ci komai ba. Ban san yarjejeniyar da ke tsakanin mai filinmu da nasa kamfanin ba, amma filin da fakin kyauta ne, daga ina kuɗin kyamara da ma'aikata za su fito? Wanda abincinsa ke fitowa daga kuskurenka, shi ne kuma aka ba wa alƙalancin farko a kan ko ka yi kuskuren. Wannan shi ne ainihin abin da nake ƙi, ya fi kuɗin kansa damuna.

A kwatanta da ƙaramar hukuma. A Ingila, a wajen Landan, tarar fakin ta hukuma yawanci fam 70 ce ga babban laifi, 50 ga ƙarami, kuma rabi za ka biya in ka yi sauri. Idan ka ja, akwai kotun musamman mai lauyoyi masu zaman kansu da doka ta kafa. Kamfani kuwa yana cajin 100 a kan ƙarin 'yan mintuna a bayan shagon nama, wuraren ɗaukaka ƙarar ma kamfanonin ne ke ɗaukar nauyinsu. POPLA ta yi min adalci, ba zan ɓoye ba, amma bai kamata adalci ya dogara da wace ƙungiya kamfanin da ya kama ka ya zaɓi shiga ba.

Majalisa ta san da matsalar. A 2019 ta zartar da doka, wadda ɗan majalisa Sir Greg Knight ya gabatar, cewa gwamnati ta rubuta ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan kowa. An fito da ita a Fabrairun 2022, za ta rage yawancin cajin zuwa fam 50 ta kuma hana kuɗin bin bashi. Kamfanoni suka garzaya kotu, a watan Yuni na shekarar gwamnati ta janye ta. Sai ƙungiyoyin kamfanonin biyu, BPA da IPC, suka rubuta tasu da kansu, ta fara aiki a Oktoban 2024. Akwai abubuwa masu kyau a ciki: minti 10 na sassauci bayan lokacinka ya ƙare, soke caji idan ƙaramin kuskure ne wurin buga lamba kamar sifili a madadin harafin O, rage shi zuwa fam 20 a wasu uzurori. Amma 100 ɗin yana nan, 70 ɗin ma yana nan, tsofaffin filaye kuma an ba su har ƙarshen 2026 su gyara allunansu. Sai da labarin wata mata a Derby ya bazu, wadda aka nemi fam 1,906 a hannunta saboda takan wuce minti biyar kafin ta samu ta biya kuɗin fakin da ta riga ta biya, sannan a Fabrairun 2025 suka gyara wannan sharaɗin. A Yulin 2025 gwamnati ta sake buɗe neman ra'ayin jama'a a kan sabuwar ƙa'ida. Na cike, na rubuta musu abu biyu: a hana kuɗin bin bashin nan, kuma duk kamfanin da ya ƙi ƙorafi sannan ya janye a matakin gaba a sa shi ya biya mai motar wani abu. Yanzu ƙin amincewa ba ya jawo musu asarar da za ta sa su buɗe fayil ɗin da ka aika.

To, shin ina ba da shawarar filin? In don wurin ne, tauraro huɗu cikin biyar: tsafta, haske, kusa da shaguna, gurbi ko yaushe. In don kamfanin ne, ɗaya, kuma ɗayan ma saboda sun kori masu barin mota yini guda ne. Har yanzu a can nake fakin, don babu wani kusa, titin gaba kuma layi biyu ne masu ruwan ɗorawa, alamar an hana fakin. Abin da na canja shi ne, ba na shiga sau biyu a rana ɗaya. In dole ta kama, sai in ɗauki hoton motata a duk inda na ajiye ta a tsakani, in bar tarihin tafiya a kunne a waya, rasit kuma ba na yar da shi sai ya yi wata biyu. Ina da wata tsohuwar gwangwanin alewa a cikin mota da nake tara su.

Makon da ya wuce na tarar mahaucin ya manna farar takarda a jikin gilashin da ke gaban nama, da rubutun hannu, da Turanci da Urdu, cewa duk wanda zai dawo ɗaukar saƙo da yamma ya ajiye mota a wani wuri. Na tambaye shi ko zai bar ni in ƙara da Hausa a ƙasa, ya miƙo min alƙalami.